Ganga a Kunnen Amarya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu abokan ƙuruciyata sai na yi ta lalube kafin su zo. Amma abin da ya sami matata a shekarar haihuwarta ta fari ba zai bar ni ba sai ranar da aka rufe ni. Bara Allah ya karɓi abarsa. Tun daga nan nake jin ya kamata in rubuta wannan labari, don da ranta ba ta taɓa bari na kai ƙarshensa ba. Da na ɗauko shi sai ta ce, "Malam, bar tone-tone." Ba zan faɗi sunanta ba, ni ma ban saba kiransa ba. Amarya na ce mata ranar da aka kawo ta, Amarya kuma na ci gaba da ce mata har ta goya jikoki.

A lokacin da sauran 'yan shekaru Turawa su tafi. Ni tela ne a Jibiya, rumfata tana bakin iyaka, inda motocin gyaɗa daga Maraɗi ke tsayawa kafin su wuce Katsina. A gefenmu akwai kwastan, a wancan gefen akwai nasu na ƙasar Faransi, waɗanda muke ce wa duwan. Iyakar ta raba hukuma ce kawai, ba ta raba dangi ba. Iyayen Amarya suna wani ƙauye a can ƙetare, inda idan na hau keke da sassafe nakan isa da hantsi.

Da cikinta ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Ta sauka lafiya, aka sami namiji. Na yi abin da ke kaina: itacen wanka, gero, kanwa, kayan yaji, da ƙafafun sa na ƙauri. Sauran aiki na surukata ne, wadda nake ce wa Inna. A wajenmu, yadda mai jego ta koma ɗakinta shi ne shaidar uwarta. Idan ta koma da rama, an zagi gidansu. Idan ta koma ta cika zane, wuyanta ya yi gammo, fatarta tana sheƙi, to uwar tana iya tafiya da kai a sama. Inna kuwa ba mai wasa da sunanta ba ce. Wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, fura da nono da man shanu, nama da yaji, ba ta bari cikin yarinyar ya huta.

Wanda ya fara kawo mini labari taubashina ne, ɗan kawuna, direban ɗaya daga cikin motocin gyaɗar. Ya biya ta ƙauyen, ya zo ya jingina da rumfata yana dariya.

"Tela, fara neman magini. Sai an fasa ƙofar ɗakinka kafin matarka ta shiga. Kai kuwa ga ka nan kamar allurarka, ban san yadda za ku kwashe ba."

Na ce masa ya je ya ji da tsohuwar motarsa da sai an tura. Amma a raina na ji daɗi. Kowane miji zai ji.

Bayan an yi arba'in na je gaisuwa. Na same ta kamar yadda ya faɗa, har ma ta fi. Muna cikin hira a ƙofar ɗaki bayan la'asar sai ta dafe gefen kanta na hagu. Kafin in tambaya, idon wannan gefen ya kaɗa ya yi ja, hawaye na zuba daga shi kaɗai, fatar idon ta sauko, hancin gefen ya toshe. Ta miƙe ta kama zagaye tsakar gida, ta je bakin rumbu ta dawo, ta danna kanta da katanga, ta sake tashi. Mace ce mai kunya, wadda ko tari ba ta yi da ƙarfi a gabana, amma ranar nishi take yi kamar mai naƙuda. Ya ɗauki kamar lokacin da tuwo ke nuna, sannan ya sake ta. Ta zauna jiƙe da gumi, ta ce mini kullum haka yake yi, kuma kullum da la'asar.

Na fita zaure na tuɓe takalmi na durƙusa gaban surukina. Baba manomi ne, dattijo mai sanyin magana, kuma shi ake nema idan za a duba jinjirin wata, don ba wanda ya kai shi kaifin ido a ƙauyen. Da na faɗi abin da na gani sai ya yi murmushi.

"Kwantar da hankalinka. Wanga ai baƙona ne, ita ta gada. Tun ina saurayi yake zo mini da kaka, a gefe guda, da jan ido da hawayen duka. Ya yi wata ɗaya ko biyu yana gaishe ni kullum, ya tahi sai baɗi. Zafi gare shi, amma ba shi kisa, ba shi makanta. Ga ni gabanka."

Maganarsa ta shige ni, don gaskiya ya faɗa. Na san wasu maza biyu a Jibiya masu irin wannan ciwon, suna nan suna noma abinsu. An kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya, ana ɗaure mata kai da ɗankwali tamau idan ya taso. Inna kuma ta yanke cewa jinin da aka zubar wajen haihuwa ne bai gama dawowa ba, saboda haka ta ƙara man shanu a fura, ta ƙara kunu.

Zuwana na gaba shi ne ya sauya komai. Na tarar ta ƙara jiki, amma fuskarta ba walwala. Da muka keɓe ta rage murya ta ce, "Malam, kana jin ganga?"

Na kasa kunne. Ba abin da ke motsi sai kaji.

"A cikin kunnena take. Tana bugawa tare da zuciyata, ba ta tsayawa. In na kwanta sai ta ƙara ƙarfi. Kuma in na sunkuya ɗaukar abu, sai duniya ta yi baƙi ƙirin, sai na jima take dawowa."

Ta ce ko ciwon la'asar ya sake ta, akwai wani nauyi da ba ya barin kan, kamar an ɗora mata tulu ba gammo, kuma ya fi tsanani da asuba. Ina kallonta sai na ga idonta ɗaya ya ɗan karkata ciki, ba kamar yadda na san shi ba.

Muna nan sai yaron ya farka a kan tabarma ya soma kuka. Inna tana bayan gida. Amarya ta waiga ta tabbata ba mai ganinta, don ɗan fari ne, ba a yi masa rawar jiki gaban manya. Ta durƙusa ta miƙa hannu biyu za ta ɗauke shi. Hannuwanta suka sauka a kan tabarma, gefen yaron, inda ba komai. Ta sake miƙawa, ta sake kuskure. Sai ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, sannan ta same shi.

Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Biyu nake ganinsa. Ban san wanne ne nawa ba."

Har yau idan na rufe ido ina ganin hannuwan nan a kan tabarma.

Na koma zaure na durƙusa. Na ce, "Baba, a gafarce ni, tambaya gare ni. Baƙon naka, ya taɓa zuwa da ƙara a kunne?"

Ya ce a'a.

"Ya taɓa sa ka ga abu ɗaya ya zama biyu? Ko ka sunkuya a gona gari ya yi maka duhu?"

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Nawa in ya tahi, ya tahi. Kaina yakan koma wasai kamar ba a yi ba." Sai ya tambaye ni, "To nata ba shi tahiya ke nan?"

Na ce ba ya tafiya, kuma ina neman izni in kai ta asibiti a Katsina. Ya ce shi bai ƙi ba, amma mai jego a hannun uwarta take, ba shi da ikon cire ta daga wanka. Ya ce zai yi wa Inna magana a hankali, in ba shi kwanaki.

Ni kuwa na ga idon ba zai jira kwanaki ba. Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da Inna ba. Gaisuwa daga nesa, kai a ƙasa, idan da saƙo a bi ta bakin wani. Haka aka koya mana, kuma har gobe ina ganin kyan abin. Amma ranar na shiga har madafa inda take dama kunu, na durƙusa, na ce, "Inna, ina roƙon a ba ni ita yau."

Muciyar ta tsaya a hannunta. Ta juya mini baya, ta yi magana tana fuskantar katanga.

"Yau kuma ni ake shigo ma har madafi? Mi ta rasa a gidan ga? Ba a ƙare wanka ba. Mai jegon da ta yanke wanka kumbura take, kowa ya sani. Ka bari in gama aikina, in kawo maka ita da kaina, da gararta, kowa ya gani."

Na ce, "Inna, ba abin da ta rasa. Ba wanda ya taɓa riƙe 'ya kamar yadda kika riƙe ta. Amma ta miƙa hannu za ta ɗauki yaro ta kama tabarma."

Ta ajiye muciyar ta wuce ni zuwa ɗaki. Na ji tana cewa, "Ke, karɓi ludayin ga." Sai na ji ludayi ya faɗi ƙasa. Da ta fito idonta ya cika. Ta ce wa Baba, wanda ya biyo ni ya tsaya a ƙofa, "Ka ce mishi ya tahi da ita. In ta kumbura, shi ya sani."

Washegari motar taubashina ta biyo da lodin gyaɗa. Ya saukar da wanda ke gaba, ya sa Amarya da yaron kusa da shi, ni na hau kan buhuna. A wajen duwan wani ma'aikaci da ya san mu ya leƙo ya ce, "Mi aka ɗauko yau?" Taubashina ya nuna ta da haɓa ya ce, "Buhu guda ne ya ƙaru, amma na tela ne, ba na sayarwa ba." Na ji ta yi dariya a cikin mayafi, duk da halin da take ciki. Ma'aikacin ya ga idonta, ya daina wasa, ya ɗaga sanda da kansa, ya ce Allah ya sawwaƙe. Na gefenmu ma ba su tsayar da mu ba. Muka biya na ɗauki yayata don zaman jinya, muka kama hanyar Katsina.

Likitan Bature ne, wani dattijon ma'aikacin asibiti yana yi mana tafinta. Ya saurari labarin ciwon la'asar yana gyaɗa kai, kamar abin da ya saba ji. Da aka zo kan ganga da duhu da gani biyu sai ya ajiye alƙalami. Ya ɗauko wata 'yar fitila ya matso har goshinsa ya kusa taɓa nata, ya daɗe yana leƙa cikin kowane ido.

Ga abin da tafinta ya gaya mini, gwargwadon yadda na riƙe. Ya ce ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune, kuma ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Idan ruwan ya yi yawa ba shi da wurin zuwa, sai ya danne abin da ya samu, kuma jijiyar ido tana cikin na farko. Ya ce ya ga bakin jijiyar ya kumbura a idanun biyu, idan aka bar shi haka gani zai tafi, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Na tambaya game da ciwon Baba. Ya ce irin na Baba ciwo ne mai zaman kansa, yana azabtarwa amma ba ya cin ido. Sai dai wani lokaci matsin ruwan nan yakan tayar da ciwo mai kama da shi sak, gefe guda, da jan ido, da hawaye, da zuwa a kan lokaci, har ya ruɗi mai kallo. Abin da ke tona shi su ne 'yan rakiyarsa. Bai ɓoye mini ba cewa ƙari, wato tsiro a cikin kai, shi ma yana kawo haka, kuma ba zai iya rantsuwa babu shi ba, sai an bi ta a hankali an gani.

Bayan sun gama gwaje-gwajensu suka kwantar da ita a gefe, ta naɗe kamar mai jin sanyi, aka sa doguwar allura a gadon bayanta. Ni ina waje. Yayata ce ta ce mini ruwan fari ne tas, kuma da ƙarfi ya fito. Da aka bar ni na shiga, na same ta kwance tana kallon rufi. Ta ɗaga yatsa ta ce in yi shiru.

"Malam, mai gangar ya tafi."

A ranar, la'asar ta zo ta wuce, ba abin da ya taso.

Sai da aka maimaita allurar a makonnin da suka biyo, don ruwan yakan sake taruwa. Da za a sallame mu likitan ya faɗi abin da ya fi allurar wuya. Ya ce ya lura wannan cuta ta fi kama mata matasa da suka yi jiki da sauri, kuma idan muna son kada ta dawo, sai Amarya ta sauke wannan jikin. Ta ci tuwo da miyar ganye daidai ƙoshi don nono, amma ban da man shanu, ban da kitse, ban da kunun da ake ɗura mata. Tafintan da kansa sai da ya dube ni da tausayi, don ya san abin da aka ɗora mini.

Na kai ta ɗakinta a Jibiya, ba gara, ba rakiya. Watanni suka tafi tana zubewa. Gani biyu ya daina, idon ya miƙe, sai dai gefen idon hagu da bai dawo ba, har ta rasu sai ta juya kai take ganin wanda ya zo ta nan. Gari kuwa ya samu abin faɗa. Mata a bakin rijiya suka ce tela ya karɓo mace kamar randa ya mayar da ita kara. Wani ya ce mini a rumfa, cikin wasan da ba wasa ba, ko in rage kuɗin zare in ƙara na cefane. Taubashina kaɗai ya daina tsokanata a kan wannan, shi da ba ya raga mini a komai. Ban yi wa kowa bayani ba. Na san abin da na gani a kan tabarma.

Maganar ta ƙetare iyaka ta isa kunnen Inna. Wata rana da hantsi sai ga ta da ƙwaryar man shanu a ka. Na gaishe ta na koma zaure, amma ina jin komai. Ta sauke ƙwaryar, ta ce wa Amarya,

"Haka ya maishe ki? Duk wahalar da na sha? Ni da ake faɗi a gari ɗiyata ta fi ta kowa?"

Yaron yana rarrafe a can bakin murhu. Na leƙa ta labule na ga Amarya ta tashi, ta tafi kai tsaye, ta sunkuya ta ɗauke shi da hannu ɗaya ba lalube. Ta dawo ta zauna gaban uwarta, ta ɗora shi a cinya, ta tsura masa ido. Ɗan fari, a gaban uwarta. Abin da ba ta taɓa yi ba ke nan.

Ta ce, "Inna, yana da ɗan tabo a bayan kunne, irin na Baba. Sai a watan jiya na gan shi."

Sannan na ji Inna ta ja hanci, ta tura ƙwaryar gefe da ƙafa, ta ɗaga murya yadda zai iso zaure.

"To a ba tela man. Shi ya fi kowa bukata, mutum kamar tsinken tsire."

Wannan ne kaɗai wasan da ta taɓa yi da ni a duniya, kuma na san me take nufi.

Ciwon bai sake dawo wa Amarya ba, ƙarin da ake tsoro kuma bai bayyana ba. A haihuwar da ta biyo baya Inna da kanta ta rage man shanu, ko da yake ba ta taɓa yarda cewa don maganar likita ta yi ba. Baba kuwa baƙonsa ya ci gaba da zuwa duk kaka har ya bar duniya, kuma shi ke duba wata har ƙarshe. Amarya ta ga auren yaron nan, ta ga 'ya'yansa, tana zura mini zare a allura lokacin da nawa idon ya gaza. Ranar da za ta rasu na shigo ta hagunta, ta juyo da kai a hankali kamar yadda ta saba, ta dube ni ta ce hulata ta karkace.

Abin da na koya shi ne, ciwo biyu suna iya sa riga iri ɗaya. Don ka san wani mai irinsa da ya rayu lafiya, kada ka ce gado ne ka koma barci. Ka tambayi abin da naka ya zo da shi wanda na wancan bai zo da shi ba, musamman idan ya taɓa gani, ka kuma kai shi inda za a leƙa cikin idon. Na kuma koyi cewa Inna da take ɗura mata abinci da ni da na hana, duk abu ɗaya muke yi, son ta muke. Sai dai wani son yabo yake jawo wa mai shi, wani kuma zagi. Na ɗauki zagin shekara guda, ita kuma ta ga duniya da idonta har ranar da aka rufe su. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta.